Hira a Bakin Kasko

Nasiha tana 'yar ƙarama sanƙarau ya kama ta. Ta tashi daga ciwon, amma kunnuwanta sun riga sun toshe. 'Yan kalmomin da ta fara koya suka yi ta zubewa, har aka wayi gari mutanen Farin Dutse suka daina kiran sunanta, sai dai su ce bebiyar gidan Malam Bappa. Ita ba ta san ana faɗar haka ba. Abin da ta sani shi ne tana da Inna.

Tsakaninta da mahaifiyarta akwai wata magana ta hannu da su biyu suka ƙirƙira, ba wanda ya koya musu. In Inna ta kama gefen kallabinta ta ja, to Nasiha take nufi, domin tun tana rarrafe da jan kallabin take neman a kula ta. Da hannu suke gulmar maƙwabta, da hannu suke faɗa su shirya. Inna kan dawo daga gidan biki ta zauna bakin murhu ta kwashe mata labari kaf, wadda ta yi rawa, wadda ta cika ciki, wadda aka yi wa habaici. An taɓa yi wa Nasiha aure, bai yi ƙarko ba, ta dawo ɗakin Inna suka ci gaba daga inda suka tsaya.

Ta haura shekara talatin lokacin da Inna ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida wata damina. Aka sa ta a mota zuwa asibiti a Birnin Kudu, aka yi wa Nasiha nuni da ta tsare gida. Ta tsare. Da aka dawo da Inna, a naɗe aka dawo da ita. Mata suka cika gidan, bakuna suna ta motsi, kowa ya zo ya dafa kafaɗarta ya nuna sama. Ba wanda ya iya gaya mata ciwon da ya kashe uwarta, ita kuma ba ta da hanyar tambaya.

Yayanta Salihu da matarsa Hapsatu ba su rage ta da komai ba. In an yanka kaza da rabonta, in Sallah ta zo da atamfarta. Sai dai abin da suka iya faɗa mata bai wuce ci, zo, ruwa, salla ba. Wani lokaci tana tsakar surfe sai wani abin dariya ya faɗo mata, ta ajiye taɓarya ta juyo za ta faɗa, ta ga Hapsatu tana kallonta da murmushin wanda bai gane ba. Sai ta koma ta ɗauki taɓaryarta.

Bayan an gama girbi a shekarar da ta biyo, mai unguwa ya zo da wata mata mai jaka, suka daɗe da Salihu a zaure. Da suka tafi, Salihu ya shigo ya yi mata kwatancen tukunya, ya yi na fartanya, ya nuna hanyar mota, ya kwantar da kansa a tafin hannu ya maimaita, wato kwanaki da yawa. Nasiha ta ɗauka aikatau za a kai ta. Ta shiga ɗaki ta yi kukanta, ta fito ta ɗaure kayanta, don ba ta saba yi wa Yaya musu ba.

Ashe wata ƙungiya ce ta buɗe wurin koyar da sana'a ga manya masu lalurar nakasa a bayan garin Birnin Kudu, daf da wata fadama. Da safe ana lambu, da rana ana girki. Nasiha ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Ga makafi suna bin igiyar da aka ja musu suna dasa albasa, layinsu ya fi na masu ido miƙewa. Ga guragu a kan kekunansu suna ban-ruwa ga tumatir da aka shuka cikin buhuna a kan dakali, don kada sai sun sauko ƙasa. Ta tsaya riƙe da ƙullin kayanta tana kallo, sai ta ji ɗan tsakuwa ya faɗo mata a ƙafa.

Wata gajeriyar mata ce mai jiki ta jefo shi. Ta nuna kunnenta, ta nuna na Nasiha, ta haɗa yatsunta biyu wuri ɗaya. Daga nan hannuwanta suka shiga gudu kamar ana tankaɗe, fuskarta tana ta canzawa. Nasiha ba ta kama komai ba, amma ta kasa ɗauke ido. Ban da Inna, ba ta taɓa ganin babban mutum ya tsaya gabanta yana yi mata doguwar magana ba.

Sunan matar Zulaiha, daga Wurno. Ta yi makarantar kurame tana yarinya, saboda haka maganar hannunta irin ta mutane da yawa ce, ta Nasiha kuwa ta gida ce. Kwanakin farko kunya ta hana Nasiha ɗaga hannu. Zulaiha ba ta da wannan haƙurin. Sai ta ɗauki albasa ta nuna yadda ake faɗarta, sannan ta tsare Nasiha da ido har sai ta nuna nata. Ranar da Nasiha ta nuna yadda ita da Inna suke cewa miji, wato ta turo ciki ta miƙa hannu a ba ta abinci, Zulaiha ta yi dariya har ta zauna daɓas cikin fangalin latas. Tun daga ranar Zulaiha ta bar nata ta koma yin na Inna.

Ita ce ta raɗa mata suna. Ta sa ɗan yatsa ta taɓa haƙoran gaba, saboda wushiryar Nasiha. “Wannan ke ce,” ta ce da hannu. “Duk inda kika je cikin kurame, haka za ki ce.”

Mai koyar da girkin, Malama Ummussalma, mahaifinta kurma ne, don haka ta iya maganar. Ta koya musu yadda ake soya gyaɗa ba ta ƙone ba, a murje ɓawon, a kai niƙa, a matse mai har tunkuza ta yi ƙarfin da za a murza ƙuli-ƙuli. Ta koya musu awara da yadda ake tsinka ta da ruwan tsami, da dambun nama, da su alkaki da dubulan na gara. Ta nace a kan wanke hannu da rufe abinci da ɗaure shi cikin leda mai tsabta, don ta ce mai saye da ido yake fara ci. Hannun Nasiha ya kama aikin nan da nan. Matsalar ɗaya ce. Sauran matan suna murza ƙuli bakinsu yana hira, ita da Zulaiha kuwa sai sun ajiye aiki sannan su yi magana. Zulaiha za ta fara labarin wani bazawarinta mai rowa, Nasiha ta saki matsami tana kallo, sai ƙauri ya tashi daga kasko.

Malama Ummussalma ta zo ta tsaya kansu riƙe da ƙugu, ta ce da hannu, “Tun da nake koyarwa ban taɓa ganin masu surutu irinku ba. Ku raba kasko.”

Aka raba su, ɗaya a wannan kusurwa, ɗaya a waccan. Bai hana komai ba, don maganarsu ba ta buƙatar kusanci. Daga nesa suke yi ta saman kawunan mutane.

A bakin kaskon nan Nasiha ta gane abubuwa da yawa da suka wuce ta. Zulaiha ta bayyana mata dalilin da ya sa wata shekara aka hana mutane zuwa masallaci kowa ya rufe hanci. Ta gaya mata ma'anar abin da ake karantawa a salla, wanda ita tun tasowarta ruku'u da sujada kawai take bi. Ita kuma ta ba Zulaiha labarin Inna, tun daga yadda take tauna goro har ranar da aka sa ta a mota.

“Me ya kashe ta?” Zulaiha ta tambaya.

“Ban sani ba.”

“Ba ki tambaya ba?”

“Da me zan tambaya?”

Zulaiha ta ce, “Bari yayanki ya zo.”

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Salihu ya zo dubiya da ƙullin rogo. Zulaiha ta je ta jawo Malama Ummussalma, aka zauna ƙarƙashin darbejiya. Nasiha ta yi tambayarta, Malama ta mayar da ita magana. Salihu ya buɗe baki yana kallon ƙanwarsa, kamar yau ya fara ganinta. Sannan ya amsa, Malama tana juya mata.

“Hawan jini ne. Ya shanye mata ɓarin jiki, bakinta ya mutu. Ba ta ƙara magana ba har Allah ya karɓi abinsa.”

“Ba ta ce komai ba?”

Salihu ya sunkuyar da kai. “Da baki dai a'a. Amma hannunta mai lafiyar bai huta ba. Abu ɗaya take ta yi, mu kuwa ba mu gane ba. Mun ɗauka ɗaurin kan ne ya dame ta, har Hapsatu ta kwance mata shi.”

Ya ɗaga hannu ya kama gefen hularsa ya ja, sannan ya dafa tabarma kusa da shi.

Nasiha ba ta jira Malama ta juya mata ba. Inna ce take cewa ta zo ta zauna. Ta rufe fuska da mayafi. Da Malama ta gaya wa Salihu ma'anar, shi ma ya juya baya yana share ido da hannun riga. Zulaiha ta matso ta zauna jikin Nasiha har aka kira la'asar. Abin ya yi wa Nasiha ciwo ƙwarai, amma daga baya ta gaya wa Zulaiha gara da ta sani.

Kafin zafi ya kankama aka yaye su. Kowa aka ba shi kayan fara sana'a. Nasiha ta samu babban kasko da murhun gawayi da buhun gyaɗa da irin albasa. A tasha ita da Zulaiha suka riƙe hannun juna har direba ya gaji ya buga jikin motar. Motar ta tashi, Zulaiha tana tsaye tana ta magana, Nasiha tana amsawa ta taga, har ƙura ta shiga tsakaninsu.

A Farin Dutse sana'a ta karɓe ta. Ƙuli-ƙulinta ba ya ƙauri, manta ba ya gurɓata, awararta kan ƙare kafin azahar. Salihu ya yanka mata wani gefe a bayan gida kusa da rijiya ta yi ɗan lambu. Matan da a da sai dai su dafa kafaɗarta su wuce, yanzu suna shigowa da kwanoninsu su jira. Har wasu suka fara cewa gidan Nasiha mai ƙuli. Hapsatu ce ta yi ƙoƙarin sanar da ita haka, ta kuwa ji daɗi.

Amma zaman ya fi na da wuya. A da ta ɗauka da Inna aka binne hira. Yanzu ta san akwai ta, tana can Wurno, ba ta dai kusa. In akuya ta faɗa cikin kwandon tunkuza, ko wata mata ta zo da sabon ɗinki da bai yi mata kyau ba, sai ta ji hannuwanta sun ɗaga da kansu. Takan waiga kusurwar tsakar gida, inda a ganinta nan Zulaiha za ta zauna da tana nan. Ƙulinta bai ƙara ƙonewa ba ko sau ɗaya, ita kuwa da za a ba ta zaɓi, da ta yarda ya riƙa ƙonewa.

Salihu ya lura. Tun zuwansa Birnin Kudu ya rage saurin wucewa ta gabanta. Ya samo lambar ƙanin Zulaiha, ya ari babbar waya wurin wani abokinsa, ya kai Nasiha kan tudun bayan gari inda sabis yake ɗan kamawa. Fuskar Zulaiha ta fito a gilashin, ƙarama, tana dariya. Nasiha ta miƙa wa Salihu wayar ya riƙe mata don ta samu hannu biyu. Zulaiha ta fara, “Ina da labari, wani mutum...” sai hoton ya daskare, hannunta a sama, bakinta a buɗe. Suka jira. Ya motsa kaɗan, ya sake tsayawa, sannan ya ɗauke gaba ɗaya. Suka sake gwadawa har rana ta yi zafi. Nasiha ta sauko daga tudun da rabin magana, ta yi ta juya ta a ranta har damina ta faɗi ta ɗauke.

Sauran maganar ta iso da kaka, ta bakin ƙanin Zulaiha, ta hannun Salihu. Ya yi mata kwatancen lalle, ya taɓa kumatu yadda ta nuna masa ana kiran Zulaiha. Aure za ta yi. Kuma ta ce ba wadda za ta yi mata kayan gara sai Nasiha.

Salihu ya kai ta Wurno da kaskonta tun ana saura kwanaki. Zulaiha ta fito da gudu ba ko takalmi. Ba su gama gaisawa ba ta jawo ta ɗaki.

“Sunansa Abdulnasir. Kurma ne, tela. Mun yi makaranta tare, ya rasa matarsa. Ba shi da rowa, na gwada shi.”

“A nan Wurno yake?”

Hannun Zulaiha ya ɗan tsaya. “A Kano. Can za a kai ni.”

Nasiha ba ta taɓa zuwa Kano ba, amma ta san in mutum ya tafi can ba a ganinsa sai da dalili. Ta ce Allah ya sa alheri, kuma har zuciyarta ta faɗa. Sannan ta tashi ta ce bari ta duba alkamar da aka jiƙa.

Ta yi aikin da ba ta taɓa yin irinsa ba. Alkakinta ya sha zuma ya yi jawur, dubulan ya fito da zanensa, dambun naman kamar auduga. Zulaiha da lalle a hannu, an ɗaure mata su cikin leda, ba halin magana, sai ta zauna kusa da murhu tana yi da ido da gira. Nasiha ce mai surutun a wannan karon. Duk abin da ta tara tun rabuwarsu ta juye mata, akuyar nan, da ɗinkin nan, da yadda albasarta ta yi. Wani kaskon cincin ya ƙone, suka dubi juna suka yi ta dariya har hawaye.

Ranar ɗaurin aure motoci suka zo da abokan ango da tsofaffin 'yan makarantarsu. Tsakar gidan ta cika da hannuwa. Ta ko'ina magana ake yi, ana musu, ana tsokana, wani daga bakin zaure yana ba wani na gindin rumbu amsa. 'Yan uwan amarya masu ji su ne suka koma gefe suna kallo. Nasiha ta tsaya da faranti a hannu, ba ta san inda za ta sa ido ba. Ba ta taɓa zaton suna da yawa haka ba.

Wata dattijuwa mai carbi a wuya ta ɗanɗana alkakin, ta tambayi wadda ta yi. Aka nuna mata Nasiha. Ta yafito ta.

“Sunana Mairama, daddawa nake sayarwa. 'Yar ina ce ke?”

Nasiha ta taɓa haƙoranta, ta ce daga Farin Dutse.

“Farin Dutse ta Gwaram? Kina nan kusa ban san ki ba? Mu kuramen Gwaram muna haɗuwa ranar kasuwa, bayan rumfar masu hatsi. Ki zo da ƙulinki.”

Da la'asar aka fito da amarya. Al'ada ta ce ta rufe fuska ta sunkuyar da kai, ta kuwa rufe. Amma da aka sa ta a mota, sai wani hannu mai jan lalle ya fito ta ƙarƙashin mayafin ya ce, “Zan zo da Sallah. Ki tara mini labari.” Nasiha ta amsa, ko da yake ta san ba a ganinta ta cikin mayafi.

Sai da kasuwa ta ci ta sake ci kafin ta yi ƙarfin halin zuwa. Salihu ya ɗauke ta a babur da kwandon ƙuli a cinya. Bayan rumfar masu hatsi ta tarar da su a kan benci, yawancinsu maza, sai Baba Mairama da wata mai sayar da tabarmi. Musu suke yi kan wata tunkiya da ta ɓata. Suka matsa mata wuri. Hannunsu da sauri, rabi take kamawa, kuma ba wanda ya san yadda Inna take cewa miji. Duk da haka ta zauna. Baba Mairama ta karɓi kwandon ta ajiye kusa da daddawarta, duk wanda ya tsaya sai ta tura masa ɗaya ya ɗanɗana.

Can ta dubi Nasiha ta ce, “Kina kewar ƙawarki.”

“Sosai.”

“Na sani. Ni ma tawa tana Bauci, mun tsufa ba mu ga juna ba. Ci gyaɗa.”

Kafin rana ta yi sanyi ƙulin ya ƙare. Salihu ya dawo daga wurin masu taki, ya tsaya nesa kaɗan yana jira, bai katse su ba sai da ta ɗago ta gan shi. Baba Mairama ta ce mako mai zuwa ta ƙaro awara. Nasiha ta ce to, ta hau bayan babur ta rungume kwandonta. Gonaki duk an girbe, sai karan dawa a tsaye gefen hanya. Tana tafe tana lissafin watannin da suka rage kafin Sallah, tana kuma tunanin ko wa Zulaiha take yi wa surutu yanzu a Kano.